Hoton da Yahuza Ya Manna a Ƙofar Shago

Tun Yahuza yana ƙarami a Tafoki aka san shi da kallo. Yaran ƙauye ta gefen ido suke kallon babba su sunkuyar da kai, shi kuwa tsayawa yake yi ya ƙura wa mutum ido har sai mutumin ya tsargu, ya shafa gemu ko ya duba gaban rigarsa ko miya ta zuba. Marin da ya sha a kan wannan hali ba ya ƙirguwa. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara shida, riƙonsa ya koma hannun baffansa Malam Abdulgafar, manomi mai zafin rai wanda ba a ganin haƙoransa sai in goro yake ci.

Yana da shekara goma sha biyu ya ɗauki gawayi ya zana fuskar baffan a jikin rumbun dawa, a ɓangaren da ke kallon hanyar rijiya. Kafin hantsi duk matan da suka je ɗebo ruwa sun gani, suna toshe baki da gyale. Abin da ya fi ƙona ran Malam Abdulgafar shi ne babu wanda ya tambayi ko wane ne. Ga tattarar nan tsakanin gira, ga leɓen ƙasa a ture, ga hancin a buɗe kamar yadda yake yi in ya ga an bar akuya ta shiga gona. Ya kama yaron da igiyar ɗaurin sa, yana dukansa yana cewa, “Mai zana abu mai rai, ran gobe za a ce ya hura mashi rai. To hura mashi mu gani!” Ya sa shi ya kwaɓa laka ya shafe zanen da hannunsa. Daga ranar magana ba ta ƙara haɗa su ba sai ta aiki, kuma da Yahuza ya kai goma sha bakwai ya hau bayan motar hatsi ya nufi Kankara, ko sallama bai yi ba.

A bakin tashar Kankara ya samu Malam Abdulƙarim mai fenti, wani dattijo siriri da ke rubuta allunan shaguna, yana kuma yi wa manyan motoci zanen zaki da bishiyar dabino a bayansu. Shi ya koya masa sirka fenti da kananzir, da fitar da layi da zare da alli, da wanke buroshi kafin ya bushe. Fuskar mutum ba ta cikin sana’ar Malam, in ban da allon masu aski, inda ake jera kawuna shida kowane da irin askinsa. Ran da aka bar wa Yahuza allon aski na farko, kawunan nan suka fito kowane da damuwarsa. Ɗaya kamar an zage shi ya haɗiye, wani kamar yana jiran a juya baya ya yi gulma. Mai askin ya ƙi karɓa, ya ce zai kore masa mutane.

Malam Abdulƙarim ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “Aski aka ce ka zana, kai kuma ka tahi tonon asiri. Hannunka ya fi nawa, amma wannan hannun ba zai bar ka da masoya ba.”

Yahuza bai daina ba. In aiki ya yi sauƙi sai ya zauna a bakin tasha da kwalin sabulu da fensir, yana kallon masu sauka da masu hawa. A nan ya gane abubuwan da babu wanda ya koya masa. Ya gane fushi a gefen hanci yake fara tsirowa kafin ya kai ido. Ya gane mai baƙin ciki na gaske ba ya ɓata fuska, sakin ta yake yi kamar rigar da ta yi masa yawa, kuma mai murmushin ƙarya kumatunsa ba sa taɓa ƙasan idonsa. Yakan ɓata kwali goma a kan bakin mutum ɗaya.

Da injinan buga allunan talla suka shigo, masu shaguna suka koma kai aikinsu Funtua a bugo musu cikin yini guda. Malam Abdulƙarim ya tattara ya koma gida Sabuwa, ya bar wa Yahuza shagon da gwangwanayen fenti. A lokacin Yahuza ya riga ya yi aure, ya auri Suwaibatu, ’yar wani mai sayar da taki, har sun haifi ’ya’ya biyu. Sai ya koma ga abin da inji bai iya ba. Mutum ya kawo ɗan hoton fasfon mahaifinsa da ya rasu, wanda ya koɗe har ya zama inuwa, Yahuza ya yi ta tambayarsa yadda marigayin yake dariya da yadda yake faɗa, sannan ya fitar da shi a babban kwali kamar zai yi magana.

Sana’ar ta ciyar da shi, amma ba ta sa an so shi ba. Akwai maƙwabtan da ba sa cin abincin gidansa saboda a ganinsu da haram aka saye shi. An taɓa yin huɗuba a kan masu zana hotuna, ba a kama suna ba, amma rabin sahu sai da ya waiwayo. Masu kawo aikin ma ba duka suke tafiya da daɗin rai ba, don Yahuza bai iya gyara wa mutum fuska ba. Wani Alhaji dillalin hatsi ya zauna masa kwana uku da babbar riga, da aka gama ya ga kansa da irin kallon da yake yi wa manomi in yana taya buhu, ya yaga kwalin a gaban shagon ya tafi. Shi ma Yahuza ba mai daɗin zama ba ne. Ba ya zaman majalisa, ba ya ba da haƙuri, in an ce zanensa ya muzanta mutum sai ya ce a je a duba madubi.

A shekarar da hanyar Faskari ta zama sai da addu’a, ya hau motar haya zai je Tafoki duba gonar gadonsa da kaka. Da rana tsaka ’yan bindiga suka tare motar, suka kora su daji su tara. Kwana ashirin da uku ya yi a ɗaure a gindin wata marke. Wanda aka sa tsaronsu wani saurayi ne, shi ke dukan tafin ƙafarsu in an kira waya gida don a ji ihunsu, shi ne kuma ya taka wa Yahuza yatsu biyu na hannun hagu da gindin bindiga har suka karye. Yahuza bai roƙe shi ba ko sau ɗaya. Kallonsa kawai yake yi, yana haddace shi. Sai da aka sayar da gonar Tafoki, ’yan’uwan Suwaibatu suka haɗa da nasu, sannan aka sako shi, ya dawo yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya.

A makon da ya dawo ya zana fuskar saurayin, ya duba ya ga ba ta ishe shi ba, ya jefa ta ƙarƙashin tebur ya sake wata. Haka ya yi ta yi wata biyar. Aikin mutane ya taru bai taɓa ba. Suwaibatu ta yi magana har ta gaji.

“Baban Hamida, mutumen nan ya sake ka, kai ne ka ƙi sakin shi,” in ji ta wata rana da ta kawo masa abinci shago. “Mi za ka yi da tarin kwalayen nan?”

“So nike duk wanda ya gan shi ya san shi,” ya ce, bai ɗago ba.

Na ƙarshen da ya yi da fenti ya yi shi, baƙi da ja, ya manna a ƙofar shagon. Fuska ce doguwa mai siririn hanci, idanu a tsuke, baki a ɗan karkace, mugunta na tsiyaya daga ko’ina. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya. A karon farko mutanen Kankara suka yaba aikin Yahuza, har da waɗanda ba sa cin abincin gidansa. Uwais, wani ƙaƙƙarfan mutum da ke jagorantar ’yan sa-kan unguwarsu, wanda shi ma an kashe masa wa a gona, ya zo ya ɗauki hoton a waya ya tura wa mutanensa. Ya dafa kafaɗar Yahuza ya ce, “Ka yi naka. Saura namu.”

Bayan mako uku, ranar kasuwa da azahar, wasu samari biyu suka zo a kan babur suka ce Uwais na kiransa a kara, wato kasuwar shanu, an kama mutuminsa. Yahuza ya tashi ya bi su, ko shagon bai rufe ba.

Ya ishe taro ya yi zobe a inda ake ɗaure shanu. A tsakiya wani mutum ne zaune a ƙasa, hannuwansa ɗaure ta baya, rigarsa ta rine da jini. Sunansa Gide, makiyayi ne daga wata ruga kusa da Pauwa, ya kawo bijimi sayarwa. Kafin a aika kiran Yahuza an riga an sauke masa gora a fuska, idonsa na dama ya kumbura ya rufe, jini na bin kuncinsa. Uwais na tsaye a kansa da waya a hannu, yana nuna wa jama’a hoton yana nuna mutumin.

“Ga mai shaida nan ya zo,” ya ce. “Malam Yahuza, dube shi da kyau. Kalma ɗaya muke jira.”

Yahuza ya tsuguna. Zuciyarsa ta riga bakinsa cewa e, don wata biyar ke nan yana jiran wannan rana, kuma mutumin ya yi kama da hoton ƙofar shago kamar an tsaga kara. Amma ido ya saba da aikinsa, ya shiga aunawa ba tare da an sa shi ba. Kunnen wannan manne yake da kai, na wancan saurayin na daji a buɗe yake kamar murfin tukunya. Wannan ya haura arba’in, wancan ko gemu bai gama fitowa ba. Daga nan sai wani abu ya faɗo masa. Saurayin dajin ba shi da doguwar fuska. Kumatu gare shi, da gajeren hanci, kuma ko lokacin da yake taka masa yatsu babu wata mugunta a fuskarsa, kallon gajiya ne kawai, irin na yaron da aka aika aikin da ba ya so. Haka ya zana shi a kwalin farko, wanda ya jefa ƙarƙashin tebur don bai yi masa munin da yake so ba. Kwali bayan kwali ya yi ta jan hancin yana tsuke idon, har ya fitar da fuskar da za ta hau kan rabin mutanen da ke kawo shanu wannan kasuwa.

“Ba shi ne ba,” ya ce.

Muryarsa ba ta fita ba sosai, sai da Uwais ya ce ya maimaita.

“Na ce ba shi ne ba. Ban taɓa ganin wannan bawan Allah ba.”

“Kai ka zana shi da hannunka!” Uwais ya tura masa wayar har tana taɓa hancinsa. “Ga hanci, ga ido, ga baki. Ko mu ne makafi?”

“Zanen ne ba daidai ba. Ni na ɓata shi.”

Nan take wurin ya ɓarke. Wani ya ce an saye shi. Wani ya ce dama ta yaya aka sako shi da rai in ba nasu ne ba. Kalmar infoma, mai kai wa ’yan bindiga rahoto, ta fito daga baya, ta yi ta yawo baki zuwa baki. Wani ya ture Yahuza ya faɗi cikin kashin shanu, takalmi ya same shi a haƙarƙari. Allah ya sa sarkin kasuwa ya iso da dattawa da ’yan sanda biyu, aka janye Gide aka sa shi a mota zuwa asibiti, aka raka Yahuza gida ta bayan gari. Kafin la’asar an fasa shagonsa, an tuttule fentin a ƙasa, an tattake hotunan iyayen mutane da ke jiran a zo a karɓa.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na daji tsawo a wurinsa. In ya yi sallama a masallaci sai a amsa ciki-ciki ko a yi kamar ba a ji ba. Mai shayin da ya shekara goma yana sha a wurinsa ya ce madara ta ƙare, alhali ga gwangwanaye a jere. Yayyen Suwaibatu suka zo har gida, babbansu ya tsaya a zaure ya ce sun yi asarar dukiyarsu a kan wanda ya koma bayan maƙiya, in tana da hankali ta kwaso ’ya’yanta ta biyo su. Ta ce ta ji, ta koma ciki ta ci gaba da tankaɗe. Amma ita ma kwana biyu ba ta yi wa Yahuza magana ba, kuma da ta yi, cewa ta yi, “Ba don ka ce ba shi ne ba nike fushi. Don ka manna shi tun farko ne.”

Da aka sallami Gide, Yahuza ya bi kwatance har rugarsu. Idon ya tafi, likita ya ce ba abin da za a iya yi. Matarsa Hajaratu ce ta fara ganin baƙon, da ta ji sunansa ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta tsaya a gabansa, ta ce ko ruwan rijiyarsu ba zai sha ba. Gide ya fito daga bukka da tsumma ɗaure a rabin fuska. Yahuza ya durƙusa ya fara neman gafara.

“Tashi,” in ji Gide. “Ban san ka ba, ba ka san ni ba, ka zauna a inuwa ka zana ni. Mu ma nan ’yan bindigar sun kwashe mana shanu sha ɗaya bara, wa muka zana? Ban yafe ba, kuma kada ka sake tambaya.” Ya kwance tsumman. “An ce ka iya fuska. To ga ta. Zana wannan, ka kai ƙofarka ka manna inda ka manna waccan.”

Yahuza ya dawo washegari da kwali da fensir. Kwana huɗu yana zuwa, Gide na zaune a kan turmi yana kallonsa da ido ɗaya, ba a taɓa miƙa masa ko tabarma ba. Bai ƙara komai ba, bai rage ba. Ya sa ramin idon yadda yake, da tabon gora a goshi, da ƙiyayyar da ke cikin idon mai gani, wadda ya san shi ake yi wa. Waɗanda suka ga hoton sun ce bai taɓa yin aiki kamarsa ba. Ya gyara ƙofar shagon ya manna shi, ya rubuta sunan Gide a ƙasa da ranar da abin ya faru.

Yini biyu hoton ya yi. Uwais ya zo da kansa ya ɓalle shi, ya ce wannan cin fuska ne ga masu sayar da ransu don gari ya yi barci. Wanda ya ba shi hayar shagon ya aiko a ba shi makullinsa. A ƙarshen watan Yahuza ya ɗora iyalinsa da katifa da sauran buroshinsa a mota suka nufi Sabuwa, inda Malam Abdulƙarim, da ya tsufa har ido ya fara gazawa, ya ba su ɗaki biyu a gidansa. Su Gide ma ba su kai damina a Pauwa ba, an ce sun yi kudu da abin da ya rage na shanunsu, kuma Yahuza bai sake jin labarinsu ba.

Yanzu shekararsa huɗu a Sabuwa. Yana rubuta lambar babur da allunan masu niƙa, yana kuma zana fuska in an kawo, amma da sharaɗi ɗaya: ko mutum ya zauna a gabansa, ko a kawo hoton wanda shi bai taɓa sani ba. Daga ka ba ya zana kowa. Mutanen garin sun san labarinsa gutsi-gutsi, wasu na gaishe shi, wasu na ganin hayaƙi ba ya tashi banza. Direbobin Kankara in sun sauke kaya sukan wuce ta gaban rumfarsa ba su kalle shi ba.

Bara da rani wata mata ta zo rumfar da lulluɓi har ƙasa, ta ce sunanta Hafiza, ƙanwar Uwais ce. An yi wa ’yan sa-kan kwanton ɓauna a hanyar gona, Uwais na cikin waɗanda ba su dawo ba. Mahaifiyarsu ke son babban hotonsa, kuma wanda suke da shi ɗan ƙarami ne, ya jiƙe ya ɓaci. Ta ce ba don tsohuwar ta matsa ba, da ƙafarta ba ta tako nan ba.

Yahuza ya yi mata ta’aziyya, ya karɓi fasfon ya duba, ya daɗe, sannan ya miƙa mata abinta.

“Ki kai Funtua su wanke maki shi da inji,” ya ce. “Ni na san fuskar nan da yawa. In na zana, abin da na gani ran kasuwa zai fito, kuma ba shi ne tsohuwa ke son gani ba.”

“Har gawa kake riƙo da ita?” in ji ta. “Allah ya isa tsakaninmu da kai.”

Ta juya ta tafi, ruwan da Suwaibatu ta aiko mata da shi yana nan a kofi ba ta taɓa ba. Yahuza ya bi ta da kallo har ta hau babur, sannan ya jawo allon wani mai injin markaɗe da ya yi alkawarin gamawa kafin la’asar, ya ci gaba da cike harafin da ya bari.